Yadda Mutumin Bici Zai Tallafa Wa Manhajar Da Yake Cin Abinci Da Ita

Duk wanda ke riƙe da wayar Tecno ko Itel ko Infinix a ƙasar Bici, daga cikin gari har Danzabuwa da Saye da Kwamarawa, yana cin gumin wasu mutane da bai san su ba, bai kuma taɓa ba su ko sisi ba. Android ɗin da ke tafiyar da wayar an ɗora ta ne a kan Linux, manhajar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991 ya sake ta ga kowa. Matashin da ke tura wa jama'a fina-finan Hausa da wa'azi a bakin tasha, da VLC yake gwada fim kafin ya zuba shi a memori, manhajar nan mai alamar mazurari ruwan lemo da ratsin fari, wadda da wuya a ba ta bidiyon da za ta ƙi buɗewa. Wata ƙungiyar sa-kai ce a Faransa, VideoLAN, ke kula da ita. Masu sa ido kan rigakafin shan-inna a Arewa sun daɗe suna cike fom a waya da ODK, alƙaluman da asibitocin gwamnati ke turawa duk wata kuma DHIS2 suke shiga, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagoranta.

Abin da ya haɗa su duka shi ne lasisinsu. Rubutun umarnin da aka gina su da shi, wanda masu sana'ar ke kira kod, a buɗe yake. Kowa na iya karanta shi, ya gyara, ya kwafa wa maƙwabcinsa, har ya yi kasuwanci da shi, babu mai ce masa ɓarawo. Richard Stallman ne ya aza harsashin wannan tafiya a Amurka a 1983 da aikin GNU, a 1989 kuma aka fitar da lasisin GPL. Irin wannan ita ce buɗaɗɗiyar manhaja. Kada a haɗa ta da CorelDRAW ko Microsoft Office ɗin da ake sa wa mutum a kwamfuta bayan an ɓalle musu makulli, waɗanda ake cewa kirak. Waɗannan kayan sata ne, kuma sau da yawa da bairos suke zuwa.

To, tunda an ce a ɗauka kyauta, ina maganar biya ta shigo?

Mutumin karkara ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Famfon tuƙa-tuƙa da aka haƙa a tsakiyar ƙauye ruwansa na kowa ne, ba a sayarwa. Amma roba tana cinyewa, sarƙa tana tsinkewa, kuma unguwar da ba ta da kwamitin da ke bi yana karɓar ’yan kuɗin gyara, wata rana za ta wayi gari mata da yara sun koma tafki. Manhaja ma haka take tsufa. Sabuwar waya ta fito, sai an daidaita ta. An gano kafar da ɓarayi za su shiga, sai an toshe. Wani ne ke zama da dare bayan ya tashi daga aikinsa yana wannan wahala.

A watan Afrilu na 2014 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin mutane a shafukan intanet masu ɗimbin yawa. Da aka bincika, sai aka tarar gudummawar da aikin ke samu daga jama'a ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, kuma mutum ɗaya ne kawai ya ɗauke shi a matsayin aikin yau da kullum. Shekara 10 bayan haka, a ƙarshen Maris na 2024, wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura kwamfutarsa na jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen buɗe masa ƙofar shiga. Da ya bi sawu, sai ya tono wata ƙofar baya da aka dasa da gangan a cikin XZ Utils, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Mai kula da ita, Lasse Collin, shi kaɗai ya yi shekaru yana fama ba albashi, har ya gaji. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya zo da sunan taimako, ya yi kusan shekara 2 yana neman yarda, aka ba shi makulli, ya ci amana. Gajiyar mutum ɗaya ce ta kusa buɗe wa ɓarayi ɗakin duniya.

Akwai kuma labari mai daɗi. A 2002 kamfanin da ya mallaki Blender, manhajar zanen katun, ya durƙushe. Ton Roosendaal ya roƙi masu amfani da ita su haɗa kuɗi a fanshe ta daga masu hannun jari, cikin mako 7 aka tara Yuro 100,000, aka sake ta ga kowa. A 2025 wani fim ɗin ƙasar Latbiya mai suna Flow, wanda da Blender aka yi shi, ya lashe kyautar Oscar ta fim ɗin katun. Duk ɗan Kannywood da ke son koyon wannan sana'a yau zai iya sauke manhajar da aka yi fim ɗin da ita, iri ɗaya sak, ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Fara da ƙidaya

Kafin a yi maganar kuɗi, ɗauki biro da takarda ka kunna kwamfutar shagonka ko ta ofishinku. Rubuta sunan duk manhajar da ka buɗe a makon nan. A gaban kowace, rubuta abu biyu: buɗaɗɗiya ce ko ta kamfani, kuma idan ta daina aiki gobe, me za ka rasa? Mai shagon buga takardu zai iya tarar da LibreOffice wajen tafin, GIMP wajen gyara hoton fasfo, Inkscape wajen katin biki da fosta. Mai ɗaukar karatun malamai zai tarar da Audacity wajen tace murya, da OBS Studio wajen watsa tafsiri kai tsaye a Facebook cikin azumi. Idan ba ka tabbata ba, buɗe sashen da manhajar ke bayanin kanta, ka nemi sunan lasisi: GPL, MIT, Apache, BSD ko MPL. Ganin ɗayansu ya ishe ka shaida.

Daga cikin jerin, zaɓi ɗaya. Ɗaya tak, ko biyu idan ta kama. Wadda cinikinka ya rataya a kanta ita ce ta fi cancanta, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ni dai ba zan ba ka shawarar tura kuɗinka ga Linux ba. Kamfanoni irin su Intel da Google da Red Hat da Samsung da Huawei suna biyan injiniyoyin da ke rubuta mafi yawanta, nairarka ba za ta ƙara musu komai ba. Ƙananan ayyuka ne ke jin yunwa, waɗanda mutum ɗaya ko biyar ke riƙe da su. Kafin ka yanke shawara, leƙa shafin aikin ka duba yaushe suka fitar da sabon zubi na ƙarshe, kuma ko ana amsa ƙorafin masu amfani. Aikin da ya yi shekara 3 ba motsi, sau da yawa masu shi sun tashi sun bar kango.

Sai kuma sanin inda kuɗin ke sauka, domin suna yana ruɗi. Mutane da yawa suna ba Gidauniyar Mozilla gudummawa da tunanin albashin masu rubuta Firefox suke biya, alhali wani kamfani ne na Mozilla ke yin Firefox, kuma mafi yawan kuɗinsa daga yarjejeniyar bincike da Google suke fitowa. Gudummawar gidauniya wasu ayyukan take yi. Thunderbird kuwa, manhajar imel da ta fito daga gida ɗaya da Firefox, kusan kacokan da gudummawar masu amfani da ita take rayuwa. LibreOffice tana ƙarƙashin The Document Foundation a Jamus, wadda ke fitar da rahoton shekara-shekara. Ayyukan da ke karɓar kuɗi ta Open Collective kuma littafinsu a fili yake, kowa na iya ganin abin da ya shigo da wanda aka biya da dalilin biyan. Wanda ya ƙi nuna littafi, riƙe kuɗinka.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Ga inda lissafi ke tsayar da mutumin Bici. Tun da aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa a Yunin 2023, dala ta haura naira dubu. Ƙari a kan haka, kamfanonin da ke karɓar biya ta kati suna yankar rabonsu. Stripe, alal misali, farashinsa na yau da kullum a Amurka kashi 2.9 cikin 100 ne da santi 30 a kan kowane biya, katin ƙasar waje kuma ana ƙara masa wani abu. Idan ka tura dala 1, kusan sulusi ya tafi a hanya. Idan aka tura dala 50 a dunƙule, abin da za a yanka bai kai dala 3 ba. Saboda haka mutum 20 su tura dala ɗai-ɗai asara ce, su haɗa su tura sau ɗaya shi ne dabara.

Haɗa kuɗi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sai dai wannan ba adashi ba ne, babu mai kwasa. Nemi waɗanda kuke sana'a ɗaya: masu shagon kwamfuta, ’yan dawunlodin, masu gyaran waya, malaman kwamfuta na sakandare da na islamiyya, ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bici. A naɗa ma'aji da magatakarda, kada mutum ɗaya ya haɗa duka biyun. A sayi littafi mai bango. A buɗe zaure a WhatsApp inda za a riƙa sa hoton shafin littafin duk ƙarshen wata, har da sunan wanda bai biya ba, domin kunya ma tana tara kuɗi.

Mu ɗauki misali don a ga girman abin. Mutum 20, kowa naira 1,000 a wata, shekara ta ba da naira 240,000. Idan muka ƙaddara dala a kan naira 1,500, dala 160 ke nan. Wanda kuɗinsa na gona ne ba sai an matsa masa duk wata ba, a bar shi ya biya na shekara gaba ɗaya da kaka, bayan ya sayar da gyaɗa ko wake, mai noman rani kuma idan tumatir ya yi kuɗi a kasuwar Badume. Shawarata a raba abin da aka tara gida uku: kashi ɗaya ya tafi waje ga masu manhajar, kashi biyu su yi aiki a gida. Dalilin wannan rabo yana tafe.

Wani zai tambaya ko za a iya fitar da wannan daga zakka. Zakka tana da mutanenta guda 8 da aka ƙayyade, kada wani ya yi wa kansa fatawa, a tambayi malami. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗauke shi a matsayin kuɗin gyaran kayan aiki, a rubuta shi a layi ɗaya da man janareto da tawadar firinta.

Yadda ake turawa

Abu na farko, a shiga ta ƙofar gida. Rubuta adireshin da hannunka: libreoffice.org, videolan.org, gimp.org, inkscape.org, blender.org. Kada ka bi mahaɗin da wani ya turo a zaure, kada kuma ka danna tallar da ke fitowa a saman sakamakon bincike, domin ’yan damfara sun sha kwaikwayon shafukan waɗannan manhajoji. A shafin gaskiya za ka ga maɓalli mai rubutun "Donate" ko "Sponsor". Babu aikin kirki da zai nemi BVN ɗinka ko NIN ko lambar sirrin da kake sakawa a ATM.

Abu na biyu shi ne kati, kuma nan ne aka fi shan wahala. A 2022 bankunan Najeriya suka yi ta rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje, wasu har zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya. A tsakiyar 2025 wasu, irin su GTBank da UBA, suka sake buɗewa, kowanne da iyakarsa. Dokar kan sauya, don haka ma'aji ya tambayi bankinsa kai tsaye: "Katina yana biya a shafin waje? Nawa ne iyaka, kuma a kan nawa kuke lissafa dala yau?" Idan ba ya yi, akwai katin dala na mai asusun kuɗin waje, akwai kuma katin dala na cikin waya da wasu kamfanonin hada-hadar kuɗi ke bayarwa. Wannan na ƙarshe, a zuba masa daidai abin da za a tura a ranar, kada a mai da shi ma'ajiya. PayPal ma yana barin ’yan Najeriya su biya tun 2014, amma shi ma sai an jingina shi da katin da ke aiki a waje.

Hanyar da ta fi sauƙi ga mutane da yawa tsohuwa ce. Kusan kowace unguwa tana da ɗa a Saudiyya ko Malesiya ko Ingila, yana karatu ko aiki, kuma dama yana neman yadda zai aiko wa gida kuɗi. A kira shi a ce, "Yaya, ga dala 50 muna so ka biya mana a shafi kaza da sunan ƙungiya, mu kuma mu kai wa Hajiya nairarta a farashin yau." Ya biya can, ku biya nan, ya turo rasit. A yi yarjejeniyar farashi kafin ya danna, ba bayan ya danna ba, don kada zumunci ya ɓaci a kan naira 2,000.

Ranar biya, kada ma'aji ya yi shi kaɗai. A zauna mutum uku a shago bayan la'asar, lokacin da sabis ya ɗan lafa. A buɗe shafin, a zaɓi biya sau ɗaya, a rubuta adadin. Lambar kati 16, watan ƙarewarsa, lambobi 3 na baya. Sunan da adireshin su zama daidai da yadda banki ya san su, bambancin harafi kan sa a mai da biya. Banki zai turo lambar tabbatarwa ta saƙo, kuma tana mutuwa da wuri, don haka wayar da layin yake ciki ta kasance a hannu da caji. Idan aka ƙi karɓa, kada a yi ta dannawa. A jira alat, a duba asusu, domin wani lokaci an cire kuɗin an riƙe, sai bayan kwanaki su dawo. Idan ya wuce, rasit zai shigo ta imel. A buga shi a takarda a manna a littafi, a sa hotonsa a zaure, a rubuta nawa banki ya cira da naira.

Na ce a zaɓi biya sau ɗaya da gangan. Masu manhaja sun fi son gudummawar wata-wata don su san abin da za su dogara da shi, amma katinmu ba shi da tabbas, farashin dala kuma ba ya zama wuri ɗaya, kuna barci za a cire muku abin da ba ku shirya ba. Mafita ita ce a tsayar da wata guda a shekara, a riƙe shi kamar alƙawari. Liberapay, wani dandalin sa-kai na Faransa, ya dace da wannan: za ka yi alƙawarin ɗan abu duk mako, ka biya na watanni a dunƙule, shi kuma dandalin ba ya ɗaukar kamisho, sai abin da kamfanin kati ya yanka. GitHub Sponsors ba ya cire komai idan daga asusun mutum ɗaya kuɗin suka fito. Ayyukan da Open Source Collective ke riƙe wa kuɗi kuma ana cire musu kashi 10 cikin 100 na hidimar lissafi da takardu.

Kashi biyun gida

Dala 50 ba ta biyan injiniyan Turai ko na yini ɗaya. Naira 160,000 ɗin da ta rage a gida kuwa ta haura albashi mafi ƙanƙanta na wata biyu a Jihar Kano, wanda aka tsayar a naira 71,000 a 2024. A nan kuɗin sun fi tsoka. Kuma akwai aikin da injiniyan Jamus ba zai iya yi wa manhajarsa ba ko nawa aka ba shi, wato sa mata Hausa.

Kusan kowace babbar buɗaɗɗiyar manhaja tana da shafin da masu fassara ke aiki. LibreOffice tana amfani da Weblate, Mozilla tana da Pontoon, manhajar da ke ɗauke da Wikipedia kuma a translatewiki.net ake fassara ta. Mutum zai buɗe asusu, ya zaɓi Hausa, sai a riƙa nuno masa jimloli ɗaya bayan ɗaya, Turanci a sama, gurbin Hausa a ƙasa. Idan babu Hausa a jerin harsuna, ana rubuta wa masu kula a nemi a buɗe. Ku ɗauki ɗalibi ɗaya ko biyu masu jin harsunan biyu, ku biya su, ku sayi data. Sai dai da sharuɗɗa, in ba haka ba kuɗin sun bi ruwa.

Na farko, a fara zama a tsayar da kalmomi. Idan yau an rubuta "adana", gobe "ajiye", jibi "tanada" a kan maɓalli ɗaya, mai amfani zai rikice ya koma Turanci. A rubuta kalmomi 100 ko 200 da suka fi maimaituwa, a amince da su, a liƙa a bango. Inda aka cije, Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya da fassara, kuma Bici zuwa Kano ba tafiyar kwana ba ce. Na biyu, a rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda suke. Manhajar Keyman, wadda ita ma buɗaɗɗiya ce, tana sa waɗannan haruffa a allon rubutun kwamfuta da na waya, babu uzurin rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa". Na uku, a ware wa mai dubawa rabonsa, malamin Hausa na sakandare ya isa. Aikinsa ya kama wanda ya kwaso fassarar inji ya zuba ba tare da ya karanta ba, kuma za a samu, kada a yi mamaki. Na huɗu, shi ne uwa uba, biya yana bin abin da aka karɓa a shafin aikin. Fassarar da ta tsaya a filashin wani ba ta amfani kowa ba. Wadda ta shiga can kuwa, sabon zubi na fita za ta isa Maraɗi da Damagaram da Zangon Kumasi rana ɗaya.

Wanda ba shi da hannu a fassara akwai wasu ƙofofin. Common Voice ta Mozilla tana tara muryoyin Hausa domin kwamfuta ta koyi jin magana, kuma abin da aka tara na kowa ne. Kuɗin data kawai ake buƙata, da ƙoƙarin jawo mata da dattawa, don kada injin ya tashi da jin muryar samarin birni kaɗai. OpenStreetMap taswira ce da kowa ke iya gyarawa, matashi mai babur da waya zai iya sa hanyoyin Kyalli da Muntsira da Yallami, da makarantu da asibitoci da rijiyoyi, da sunayen da mutanen wurin ke kiransu. Masu rubutun ajami kuma su san cewa akwai salon haruffan kwamfuta mai suna Alkalami, wanda ƙungiyar SIL ta zana bisa rubutun hannu irin na Kano ta sake shi kyauta. Alaramman da ya gwada shi ya ga inda wani harafi bai zauna daidai ba, idan aka biya wani ya ɗauki hoton wurin ya rubuta wa masu shi bayani dalla-dalla, an yi aikin da kuɗi kaɗai ba sa yi. Kai rahoton matsala sana'a ce: wace kwamfuta, wane zubi, me ka danna, me ya faru, me ya kamata ya faru.

Kada kuma a manta akwai ’yan Najeriya masu rubuta irin waɗannan manhajoji. Segun Adebayo ne ya ƙirƙiri Chakra UI, wadda masu gina shafuka a ƙasashe da yawa ke amfani da ita. Ƙungiyar Open Source Community Africa, wadda Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa, ta yi babban taronta na farko a Legas a Fabrairun 2020. Idan kuka sami ɗan gida yana wani aiki a buɗe da ya shafe ku, biyansa tiransifa ce kawai ta naira, babu dala babu kamisho.

Masu kasafin kuɗi

Duk abin da masu shago 20 za su tara a shekara, makaranta ɗaya ko sakatariyar ƙaramar hukuma za ta iya ninka shi da layi guda a kasafi. Manyan makarantu da yawa a Najeriya suna koyarwa ta Moodle, suna tafiyar da laburare da Koha, suna buga mujallunsu da OJS, duk ba kuɗin lasisi. Asalin Koha ma darasi ne ga irinmu. A 1999 hukumar laburaren wata ƙaramar gunduma a ƙasar Niyu Zilan, Horowhenua, ta biya wani ƙaramin kamfani ya rubuta mata manhaja, aka kuma amince a sake ta ga kowa. Ƙaramar hukuma ce ta biya, yau dubban laburare a duniya suna mora.

Shugaban makaranta ko shugaban ƙungiyar manoma da zai ba da kwangilar manhaja, ko ta rajistar ɗalibai ce ko ta rabon taki, ya sa sharaɗi biyu a takarda: kod ɗin mallakar wanda ya biya ne, kuma za a sake shi da buɗaɗɗen lasisi. Da haka idan ɗan kwangila ya ɓace, wani zai ɗora daga inda ya tsaya, Bagwai da Tsanyawa kuma ba sai sun sake biyan abu ɗaya ba. Wanda ke amfani da manhajar da aka riga aka yi, ya ware kuɗin kula da ita duk shekara, ya biya ma'aikaci ko kamfanin gida da zai riƙa sabunta ta yana mai da gyare-gyarensa ga masu ita. Jamus ta kafa asusun gwamnati na musamman domin irin wannan a 2022, jiharta ta Schleswig-Holstein kuma ta yanke shawarar mai da kwamfutocin ma'aikata kimanin 30,000 kan LibreOffice.

Akwai dalilin gaggawa. Manhajojin lafiyar da muke dogaro da su, irin su DHIS2 da SORMAS, wadda aka faro bayan ɓullar Ebola a Najeriya a 2014 har hukumomin lafiyar Jamus suka yi aiki da ita lokacin korona, kuɗin masu ba da agaji na waje ne ya raine su. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje rana tsaka, kowa ya ga yadda ayyuka suka tsaya cak a wurare da yawa. Lasisin manhajar ba zai ƙwace ba, wannan kam tabbas ne, amma albashin mai kula da ita yana iya yankewa.

Mai karatu, ba sai ka jira hukuma ba. Yi ƙidayar kwamfutarka a makon nan, ka yi wa mutum biyar da kuke sana'a ɗaya magana, ku sayi littafi, ku tsayar da watan biya kafin kuɗin kaka su watse.